Gefen Hagun Jirgin Malam

Mijina bai taɓa hawa jirgin ruwa ba. Ko kwalekwalen masunta da ke dam ɗin Kazaure bai yarda ya shiga ba, yakan ce ƙafarsa ta tudu ce. Amma shekaru tara na ƙarshen rayuwarsa jiragen ruwa ya yi ta haɗawa a ɗakin da ke jikin zaurenmu. Ƙanana ne, na katako, irin na mutanen da, masu dogayen sanduna da ƙyallayen da iska ke turawa.

Aikinsa zane ne. A sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ya yi shekarunsa, yana zana kwalbati da ajujuwan makaranta da rumfunan kasuwa. Sau ɗaya aka tura shi kwas Legas, can ya ga irin jirgin nan cikin akwatin gilashi a wani ofis, ya dawo ya yi ta ba da labarinsa har muka gaji da ji. Da ya yi ritaya, 'yarmu da ke aure a Legas ta tuna, ta sa mijinta ya nemo masa. Ashe a kwali ake sayar da su, ba a haɗe ba. Ranar da kwalin ya iso muka buɗe shi a kan tabarma. Ciki akwai faifan katako da aka riga aka yanka siffofi a jikinsa, sai dai ka ɓalle, da damin siraran katako kamar tsintsiya, da zare kala uku, da farin ƙyalle, da 'yan ƙarafa masu ruwan zinare a cikin leda, da manyan takardun zane guda huɗu. Malam ya shimfiɗa takardun, ya sa tabarau, ya manta da ni da abincin da na ajiye masa.

Na farko ya fito a karkace, hancinsa yana kallon gefe. Malam ya ajiye shi a kan kabad, bai yarda a yar ba. Na biyu ya miƙe sosai, ya ba 'yarmu. Na uku shi ne babba, tsawonsa daga kafaɗata zuwa kan yatsana. Shi ne wanda nake so in ba da labarinsa.

Ni karatuna bai wuce firamare ba, takardar bayanin kuma da Turanci take, amma hotunanta sun fi rubutunta yawa. Ta hanyar zare na shiga aikin. Ɗinkin hula nake yi tun ina budurwa, yatsun Malam kuwa masu kauri ne, ƙullin da ake so bai kai ƙwayar gero ba. Wata rana ya yi ta fama da ƙulli ɗaya har ya yi tsaki, na karɓa na ƙulla masa. Daga ranar ya sa mini kujera a ɗakin.

A nan na koyi yadda ake yi. Akwai dogon katako na tsakiya, Malam yana ce masa ƙashin baya. A jikinsa ake jera wasu a tsaye, su ne haƙarƙari. Sannan a rufe haƙarƙarin da siraran katako, shimfiɗa biyu. Ta farko fara ce, mai ɗan kauri, kuma dole a manna ɗaya a dama ɗaya a hagu, in ba haka ba jirgin ya karkace. Abin da ya ci na farko ke nan. Ta biyu ita ce ado, launin dabino, ba ta kai kaurin farce ba. Kowane siriri sai an jiƙa shi a ruwan zafi, a lanƙwasa shi a jikin butar shayi, a fiƙe bakinsa da reza har ya zauna daidai da na kusa da shi, a shafa gam da tsinke, a danne da yatsa ana jira. Biyu yake mannawa a rana. In ya ji daɗin jikinsa, uku. Ba a sa ƙusa, ba a sa fenti. Idan an gama, mai kawai ake shafawa da tsumma, launin itacen ya fito da kansa.

Malam yana da ƙane, autan ɗakinsu. Ina amarya aka kawo mini shi daga Roni don ya yi makaranta a Kazaure. Ni na yi masa wanki, ni na yi jinyarsa da ya yi ƙyanda, ni na haɗa masa lefe. Auta nake ce masa, shi kuma ya ce mini Yaya. Yanzu ya yi furfura, yana aiki a ƙaramar hukumar Roni, yana da iyalinsa a can. Wasan ƙanin miji da matar wa muke yi da shi, ba ya shigowa gidan bai tsokane ni ba. Yakan leƙa ɗakin zaure ya same mu mun duƙufa.

"Yaya babba, yaushe za mu tashi zuwa Jidda? Na haɗa kayana."

"Sai ka rage tumbi," in ji Malam, ko ɗago kai ba ya yi. "Kai kaɗai za ka nutsar da mu."

"To ni matata na zo ɗauka. Ka mayar da ita lebura, ko lada babu."

"Wace matar taka?" ni kuma in ce. "Wanda bai iya wanke kwanon da ya ci tuwo ba?"

Sai ya yi dariya ya zauna a bakin ƙofa, ya ci gyaɗar da ya kawo mana tsaraba har ya kusa cinye ta.

Malam ya gama gefen dama na shimfiɗa ta biyu gaba ɗaya. Wata biyar ya yi a kansa. In ka shafa da tafin hannu ba za ka ji inda wani siriri ya haɗu da wani ba. Yana shirin juyawa hagu ciwon ya same shi, ɓarin jikinsa na dama ya yi nauyi. Ya dawo daga asibiti yana magana, yana takawa da sanda, amma hannun ba ya riƙe reza. Sati biyu bai shiga ɗakin ba. Ranar da ya shiga, ni ya zaunar a kujerarsa. Yana faɗa ina yi. Na ɓata siriri huɗu kafin na farko ya zauna. A cikin wata guda na manna shida a gefen hagu, yana duba kowanne da tabarau.

Ranar na shidan ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Gefen nan naki ne. Ko ina nan ko ba na nan, ki kai shi ƙarshe."

Na ce, "To, Malam."

Iyakar maganar ke nan. Ba wasiyya ba ce da aka kira shaidu, kuma ban ɗauka bankwana ba ne. Amma na ce to, shi kuma ya ji.

Ya rasu da damina, ranar Talata da hantsi. Kafin azahar an kai shi. Kafin la'asar gidan ya cika. Dangi sun zo daga Roni da Gwiwa, nawa sun zo daga Babura da Kanya Babba, ga ruwa ana yi, ba a iya zama a waje. Mata suka cika tsakar gida da ɗakuna. Mazan da za su kwana har a yi addu'ar uku ba su da wuri sai ɗakin zaure.

Washegari da safe Auta ya zo bakin ƙofar ɗakina ya durƙusa. Idonsa ya kumbura.

"Yaya, ɗakin can ya cika da mutane. Ɗazu na ga wani ya rataya hularsa a hancin jirgin. Yara kuma sai leƙe suke yi. Ki bari in tafi da shi Roni in kulle a ɗakina, in an watse in dawo miki da shi."

Na ji daɗin maganar. A cikin mutanen nan duka shi kaɗai ya tuna. Na sa aka shigo mini da jirgin, na naɗe shi da tsohon rawanin Malam, na ɗaure kwalin da sauran siraran da takardun zanen ke ciki. Ƙyalle da zare ne kawai suka rage, don dama a ɗakina suke. Da hannuna na miƙa masa.

"Auta, amana ce."

"Haba Yaya. Ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba."

Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba fita. Bayan addu'ar bakwai gidan ya watse. 'Yarmu ta yi sati uku ta koma wurin mijinta. Na rage ni da wata gwaggona tsohuwa da aka bar mini. Wunin mai takaba yana da tsawo. In na idar da sallar walaha babu abin da ke gabana sai azahar. Sai na ɗauko ƙyallen. Tun Malam yana da rai ya zana mini siffofin a jikinsa da fensir, guda goma sha ɗaya. Na yanka, na jiƙa su a ruwan shayi marar ƙarfi kamar yadda muka yi wa na biyu, don farin ya ɗan dusashe. Na bi bakin kowanne da ƙaramin ɗinki, na yi layukan tsaye da zare ɗaya ɗaya. Ina yi ina lissafin aikin da ke jirana: siriri nawa suka rage a hagu, yadda zan fiƙe na kusa da hanci inda lanƙwasar ta fi tsanani. Tunanin nan shi ya riƙe ni a watannin farko. Ba na jin kunyar faɗa.

Auta yana zuwa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya yi mini ya haƙuri, ya ajiye burodi ko gyaɗa. Bayan arba'in na ce ya dawo mini da jirgin, gida ya yi shiru, zan iya ci gaba.

"Yaya, motar tana wurin makaniki. Kin san ba zan ɗauko shi a babur ba."

Na ce gaskiya ne. Wani satin ya ce ruwa ya ɓata hanya. Wani satin ya ce ya fito da sauri ya manta da makullin ɗakin a ofis. Wani satin ya ce, "Ki bari ki fita takaba mana, hankalinki ya kwanta. Ina kike sauri, Jidda?" Har na yi murmushi, karo na farko tun rasuwar. Ban zarge shi da komai ba. Mutumin da na goya ba zan zauna ina auna maganarsa ba.

Saura kwana goma sha bakwai in fita, maƙwabciyata ta shigo. Malamar makaranta ce, mutuniyar kirki. Ta shigo da fara'a, waya a hannu.

"Hajiya, ashe an karrama aikin Malam ba ki faɗa mana ba! Duba, tun watan jiya ake ta tura hoton."

Ta miƙo mini. Maza ne bakwai ko takwas cikin manyan riguna a wani falo. A tsakiya akwai wani babban jami'i ɗan garinmu da aka ba sabon muƙami a lokacin, mai kula da sha'anin ma'aikata. Jama'a suna ta zuwa taya shi murna ƙungiya ƙungiya, kowa da abin da ya riƙo. A gefensa Auta ne, yana dariya, yana miƙa masa jirgin ruwa. Kore ne shar, da farin layi a tsakiya, yana ƙyalli kamar sabuwar mota. An rubuta muƙamin mutumin a jikinsa da manyan baƙaƙe.

Na ce a raina wani ne daban. Na sa ta ƙara girman hoton. A bayan jirgin akwai 'yan tagogi biyar. A zanen huɗu ne, Malam ya ƙara ɗaya don ya ce tazararsu ba ta yi masa ba. Na ƙirga su sau biyu.

Na mayar mata da wayar na ce, "Allah Ya sa albarka." Ta ga fuskata, ta yi sallama ta fita.

Ranar Juma'a ya zo kamar kullum. Ya gaishe ni, ya ajiye burodi. Na so in ba shi dama ya faɗa da bakinsa.

"Auta, ya jirgin?"

"Yana nan lafiya lau, Yaya. Jiya ma na leƙa shi."

"A naɗe yake?"

"A naɗe, yadda kika ba ni."

Ban san zafin ƙarya ya fi na abin da aka yi ƙaryar a kansa ba sai ranar.

Na ce, "Kore ne ko shuɗi? A waya ban gane sosai ba."

Ya sunkuyar da kai. Ya cire hula, ya mayar. Da ya fara magana kuma sai ta yi ta zuwa, kamar ya daɗe da shirya ta. Wai an fitar da jerin waɗanda za a yi wa canjin wurin aiki, sunansa yana ciki, za a kai shi can gabashin jiha, ga yara suna makaranta, ga gona. Wai kowa raguna da darduma da hoto mai firam yake kaiwa, ba wanda zai tuna wa ya kawo me. Shi kuwa mutumin ya taɓa zuwa duba Malam da yana jinya, ya ga jirgin, ya yi ta yabawa.

"To ka kai masa yadda yake mana," na ce. Ban san dalilin da ya sa wannan ce ta fara fitowa daga bakina ba.

"Haba Yaya, a kai wa babban mutum abu rabi? Gefe ɗaya fari gefe ɗaya ja, ba sanda, ba komai? Kafinta na ba a Roni, kwana biyu ya gama. Mai fentin mota ya fesa. Wallahi kowa sai da ya tashi ya duba."

"Kwana biyu."

"Yaya babba da yana nan da kansa zai ba ni. Kin san bai taɓa hana ni komai ba. Kuma ko a rabon gado ba a sa shi ba. Da na ambata, malaman cewa suka yi kayan wasa ne, a bar wa yara."

"Ni na ba ka, Auta. Ba malamai ba."

"Zan sa a kawo wani kwalin daga Legas, irinsa sak. Ki haɗa abinki a tsanake."

Na dube shi. Da gaske yake, yana ganin ya kawo gyara. Na ce, "Tashi ka je, la'asar ta yi."

Kwana goma sha huɗun da suka rage ban taɓa allura ba. Ƙyallaye tara na gama, biyu suna nan da zanen fensir. Na san inda jirgin yake, unguwa biyu ce tsakaninmu, tafiyar da ba ta kai a dafa shinkafa ba, amma ba ni da ikon taka ƙofar gida.

Ranar da na fita takaba na yi wanka, aka yi sadaka. Fitar farko ta mai takaba gidajen dangi take zuwa, ta yi godiyar zaman makoki. Ni na tari a daidaita sahu na tafi gidan jami'in. Na shiga ta ƙofar mata. Matarsa ba ta san ni ba, amma da na faɗi ko matar wa ce ni sai ta kama hannuna ta yi mini gaisuwa, ta sa aka kawo ruwa. Na ce jirgi na zo gani.

Ta kai ni falon baƙi. Yana kan wani dogon kabad, tsakanin kofunan girmamawa da agogon bango da ba a rataya ba. Sanda ɗaya ta riga ta karye.

"Jikoki ne," in ji ta. "Mun hana su sun ƙi."

Ta sa aka sauko da shi. Ya yi nauyin da ban san shi da shi ba. Na shafa gefen dama. Santsi ne irin na ƙofar mota, sanyi, babu itace a ƙarƙashin hannuna. Ban yi niyyar yin bayani ba, amma ta tambaya, na faɗa mata a taƙaice. Ta riƙe baki.

"Innalillahi. Wallahi Hajiya, Alhaji bai san haka aka yi ba. Ce masa aka yi iyalan mamacin ne suka aiko."

"Haka aka ce?"

"Haka aka ce. Har ya ce zai zo godiya in kin fita. Ɗauki abinki. Ni zan yi masa bayani."

Na rungumo shi a cinya har gida. Mai a daidaita sahun yana ta waiwaye yana cewa, "Mama, wannan na sayarwa ne? Ya yi kyau."

A ɗakin zaure na ɗora shi a kan tebur na duba shi da kyau. An rufe gefen hagu da falle ɗaya na filawud, an lanƙwasa shi da ƙarfi an bi shi da ƙusoshi. Inda bai zauna ba an cike da foti, irin wanda masu fentin mota ke cike lotsa da shi. An kafa sandunan ba a fiƙe su ba, an ɗaura musu farar leda mai kauri da igiyar ɗinkin buhu. Duk da haka ban fid da rai ba. Na ce fenti ai a sama yake. In na kankare, aikin Malam yana ƙasa. In na ɓamɓare filawud ɗin, shidana suna nan. Abin da nake bukata kwalin ne.

Bayan kwana biyu na hau mota zuwa Roni. Ban biya gidan Auta ba. Na tambayi 'yan acaɓa kafintan da ya yi jirgi, duk sun san shi. Na same shi yana haɗa gado a rumfarsa, dattijo ne mai fara'a. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya ajiye guduma, ya share mini benci.

"Allah Ya jiƙan Malam. Hajiya, ai aikin ya ba ni wuya, amma na taimake shi. Wanda ya fara shi ya yi ƙoƙari, sai dai ba ƙwari. Kin san duk jirgin nan ko ƙusa ɗaya babu? Gam kawai! Na ce wannan in yaro ya ɗauka ai ya watse."

"Akwai kwali da aka kawo tare da shi."

"Ƙwarai. 'Yan ƙarafan ciki na ba yara. Tsinkayen kuma mun dama gam da wasu."

"Sauran fa?"

Ya duba ƙasan rumfar, ya ɗaga kai ya yi tunani. "Ina jin sun bi shara. Mai ƙosan can ce take kwashe mana, tana hura wuta."

"Takardun zanen?"

"Wallahi ban adana ba. Alhajin da ya kawo aikin bai ce a ajiye ba. Cewa ya yi in yi sauri kawai."

Ban ji haushinsa ba, har yau ba na ji. An kawo masa aiki ya yi irin wanda ya iya. Na yi masa godiya na tashi.

Na sayi tina mai narkar da fenti, da reza, da samfefa mai laushi. Na fara da hagu. Ƙusoshin sun fi ƙarfin jirgin. Kowacce na zare sai ta fito da ɓarin itace. Da filawud ɗin ya tashi na ga haƙarƙari uku sun tsage har ƙasa, shimfiɗar farko ta farfashe. Shidan da na manna a gaban Malam babu su. An ɓamɓare su don filawud ya kwanta.

Na juya dama. Ina jiƙa tsumma da tina, in dafa a wuri kaɗan, in jira, in kankare da bakin reza a hankali. Kore ya tashi, ƙarƙashinsa toka-toka, ƙarƙashin wannan kuma foti. Kwana uku na yi kafin na kai itace a wuri mai faɗin tafin hannu. Fari ne. Na ce ko nan ne kawai, na koma wani wurin. Fari. Sai daga baya mijin maƙwabciyata ya gaya mini cewa masu fentin mota ba sa fesawa sai sun goge wuri da inji, don fenti ya kama. Abin da bai kai kaurin farce ba, inji ba zai ma san ya ci shi ba.

Na ci gaba duk da haka, sati biyar, don ban san yadda zan tsaya ba. A ƙarshe na sami wuri ɗaya a ƙasan baya, inda jirgin ya lanƙwashe injin bai shiga ba. Faɗinsa yatsa uku. Guntayen siriri bakwai ne a jere, launin dabino, bakinsu a haɗe yadda ya bar su. Na shafa musu mai.

Na kira 'yarmu na gaya mata. Ta yi kuka, ta ce za ta nemo wani kwalin, a ciro siraran da takardun a gyara wannan. Na ce mata haƙarƙarin ya tsage, ƙashin bayan ma ƙusa ta ratsa shi wuri biyu, duk abin da aka manna a kai karkacewa zai yi. In kuma na sake komai sabo, to wani jirgin na haɗa, ba wanda aka ce in kai ƙarshe ba.

"To Umma ya za ki yi?"

"Ba zai ƙarasu ba," na ce. Ranar na fara faɗa da bakina. Na ce wa Malam to, kuma ban cika ba.

Ba a yi wa Auta canjin wurin aiki ba. Ko jirgin ne ya yi masa, ko dama ba za a yi ba, ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Ya yi wata biyu bai zo ba. Manya suka sa baki, aka ce zumunci ya fi katako, aka ce yaron da na yi rainonsa ne. Na ce na yafe, don ana so a ce, kuma ina fatan Allah Ya sa zuciyata ta bi bakina.

Ya zo wata Juma'a da gyaɗa a leda. Ina ɗakin zaure, ƙofa a buɗe. Ya yi sallama ya durƙusa, muka gaisa. Sai idonsa ya kai kan tebur. Jirgin yana nan ba sanda, gefe ɗaya a farfashe, ɗayan fari da dabbaren kore a lungunan da reza ba ta shiga ba. Ya tashi ya matsa kusa, ya zagaya shi, ya girgiza kai.

"Kai, Yaya. Ai kin ɓata shi. Da kin bar shi da fentinsa, wallahi ya fi kyau."

Na duba fuskarsa ko wasa yake yi. Ba wasa yake ba. Tausayina ma yake ji.

Na tambaye shi mutanen gida, ya ce suna lafiya. Na tashi na kawo masa ruwa.